Ni Na Cire ABS a Moton Yayana, Asabar Zai Miƙa Shi ga Mai Saye

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ya zo.

Salamu alaikum 'yan'uwa mata. Da ƙarfe uku da minti ashirin da biyu na rana abin nan ya fara lalacewa, wata Lahadi cikin watan Afrilu, kuma na san lokacin daidai ne saboda ni ke riƙe da kurono, agogon auna gudu, da littafi a ranar, da hannuna na rubuta shi. Yau Laraba, gata Asabar za a yi abin da nake tsoro, shi ya sa nake roƙonku don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, sannan ku ba ni shawara. Sunayen da zan faɗa duk ba na gaskiya ba ne.

Ni 'yar Damagaram ce, ina shekara ta huɗu a lakkol ɗin injiniyoyi a Villeurbanne, gefen Lyon a Faransa, ɓangaren makanik. Ban cika magana ba, tun ina ƙarama haka nake, idan maza uku suka taru a ɗaki sai in nemi lungu. Daga ɗakina sai aji, sai ɗakin karatu, sai atiliyen lakkol inda muke kwance injuna muna ɗaurawa, nan kaɗai nake sakewa. Ina da wa a Saint-Denis, gefen Paris, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Yaya Laminu. Ya girme ni da shekara tara, yana aikin kwamfuta a wani buro, da matarsa da ɗa ɗaya. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ya sa hannu ya tsaya mini a takardar ɗakin da nake ciki, kuma shi Baba ya ce wa a waya, ina tsaye ina ji, ga amana nan. Ban manta ba, na faɗa ne don kada wata ta ce ban san alheri ba.

Shekara biyu da suka wuce Yaya ya sayi moto, wato babur, ja, ba irin na tsere ba, na titi ne wanda ake zuwa aiki da shi. Sai ya haɗu da wasu abokai huɗu, suna kiran junansu pilot, wato gwanayen tsere. Sau ɗaya a wata biyu za su loda baburansu a kamiyonet, ƙaramar motar kaya, su tafi pist, wato filin da aka kewaye don gudu, inda kowa ke biyan kuɗin yini ya shiga ya yi ta zagayawa. Ba tsere ba ne, babu kofi, babu na ɗaya, amma ku ji su a waya. Rigar fata tun daga wuya har idon sawu, da sunan mutum a baya, da tutar ƙasa a kafaɗa. A gwiwar rigar akwai wani dunƙulen roba wanda ke gogar kwalta idan mai moto ya kwanta sosai a kwana, kuma cinyewar robar nan ita ce shaidar gwani. Da idona na ga ɗaya daga cikinsu a bayan kamiyonet yana gurzar tasa da magagari kafin a ɗauki hoto. Ta Yaya ma a goge take, ban ga lokacin da ya yi ba, amma na san gwiwarsa ba ta taɓa kai ƙasa ba sai a sujada.

A watan Afrilun nan suka sauko wani pist da ba shi da nisa da Lyon, Yaya ya ce in zo in riƙe musu kurono tunda ni 'yar lissafi ce. Na zauna kan katanga ina rubuta zagayen kowa. Akwai wata Bafaranshiya mai furfura, za ta yi sa'ar Innarmu, a kan wani tsohon moto ƙarami, sau biyu tana wuce Yaya cikin zagaye shida, ya ce ai ita nan ne gidansu. Ƙarfe uku da ashirin da biyu ya taho a kan miƙaƙƙen layi, ya wuce allon da ya kamata ya fara kama birki, ya wuce na biyun, sai ya tsorata ya damƙe birkin gaba da duk ƙarfinsa. Moton bai faɗi ba, ya tafi a miƙe ya shige tsakuwar da ake zubawa a bakin kwana ya tsaya. Yaya ya dawo yana zage-zage, wai birkin ya riƙa dukan hannunsa, wai ABS ne ya ƙi barinsa ya tsaya.

Ga waɗanda ba su sani ba, ABS wata 'yar na'ura ce tsakanin hannun birki da taya. Idan mutum ya matse birki fiye da yadda kwalta za ta iya riƙewa, taya takan kulle ta daina juyawa ta fara sulɓi, kuma a moto idan tayar gaba ta kulle, kana ƙasa kafin ka san me ya faru. Na'urar ce ke jin haka, ta riƙa saki tana kamawa da sauri, shi ne dukan da ake ji a hannu. Wato abin da Yaya ke zagi shi ya hana shi faɗuwa a ranar. Gaskiya ne gwanayen tsere suna cire ta, domin yatsunsu sun san iyakar taya fiye da na'urar da aka yi don titi, kuma suna son birki ya amsa musu kai tsaye. Amma waɗannan mutane ne da suka tashi a kan moto tun suna yara. Duk na san wannan. Ina zaune a kan katanga abokansa suka kewaye shi, mai magagarin nan yana cewa mon frère, ɗan'uwana, cire wannan abu, na tsofaffi ne, nauyi ne kawai, ni kuwa na ci gaba da rubutu a littafina.

Garaji biyu ya je a Paris, duka suka ƙi, suka ce muddin moton na da lambar titi ba za su taɓa ba. Sai ya kira ni. Ku fahimce ni, a rayuwata Yaya bai taɓa tambayata komai ba sai ko na ci abinci, ko na kira Inna. Injiniya yake ce mini, amma irin yadda ake ce wa yaro mai jan gwangwani direba. Ranar nan ya yi doguwar gaisuwa har da tambayar karatu, sannan ya ce, Injiniya, wai abin nan da kuke koyo na gaske ne ko na takarda? Za ki iya cire mini shi? Na ji daɗi, wannan ita ce gaskiyar da nake jin nauyin rubutawa. Na ce zan iya, amma da sharaɗi, daga ranar moton ya bar titi har abada, a cire lamba, a cire fitilu da madubai, a kai shi pist a kamiyonet a dawo da shi a kamiyonet. Ya ce wallahi har sau uku, ya ce ai metro ma ya fi masa sauƙi zuwa aiki.

Sati biyu na yi ina karanta littafin moton, na zana hanyar kowane tiyo a takarda. Da hutun Mayu na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka yi aikin a garajin gidan Kawu a La Courneuve. Kawu wan Innarmu ne, Alhaji, ya fi shekara talatin a nan, duk ɗan garinmu da ya sauka sai ya ci tuwon gidansa. Na ce muka yi, amma Yaya riƙon tocila kawai ya yi, shi ma ya gaji ya tafi sayen kebab. Na zubar da man birki, na kwance na'urar daga ƙarƙashin tanki, na sa sababbin tiyo masu saƙar ƙarfe kai tsaye daga hannu zuwa taya, na fitar da iska har birkin ya yi tauri. Kowane noti da ma'auni na ɗaure shi. Zoben ƙarfe mai ramuka da ke jikin taya da 'yar wayar da ke karanta shi na bar su, domin da su allon gudu ke aiki. Da na gama na ɗora na'urar a kan sikelin kicin na matar Kawu, kilo ɗaya da 'yan kai. Wannan shi ne nauyin da ke hana Yaya gudu, mutumin da ya dawo da kebab biyu da babbar kwalbar lemo, wanda rigar fatarsa ba ta zugewa sai ya riƙe numfashi.

Saura abu ɗaya, kuma nan laifina yake. Akwai 'yar fitila ruwan goro a allon moton, wadda ke kamawa idan ABS ba ya aiki. Da muka tayar sai ta kama ta ƙi mutuwa, kamar yadda aka yi ta don ta yi. Yaya ya ce tana ɗauke masa hankali, pilot ba ya son abu na haska masa ido. Da na bar shi ya manna sikoc, tef ɗin liƙi, a kan gilashi, da duk wanda ya gani ya tambaya. Amma ni ba na iya kallon aikin ƙazanta. Na buɗe allon, na rufe fitilar ta ciki da ɗan baƙin sikoc irin na masu gyaran wuta, na yanka shi daidai, na mayar da komai. Ko ni da na yi, idan na duba ba na gane wurin. Sai wanda ya san moto sosai ne zai lura ba ta ƙiftawa ko a lokacin murɗa makulli. Ga zobe a taya, ga rubutun ABS da kamfani ya manna a murfin tayar gaba, ga allo babu gargaɗi. Na ja da baya ina kallon aikina ina alfahari.

A watan Yuni suka koma pist ɗin nan, na sake riƙe kurono. Zagayensa mafi kyau ya ƙaru da sakan biyu, wato ya ƙara komawa baya, domin yanzu tsoron birkin yake. Ya ce iska ce. A Satumba, ban je ba, ya damƙe birki a wata 'yar kwana da ko mai keke zai sha lafiya, tayar gaba ta kulle, ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa. Sati shida hannu a rataye. Abokan suka zo dubiya sau ɗaya, suka ɗauki hoto da shi suna ɗaga yatsu biyu. Matarsa ta ce ta gaji, shi ma ya daina zancen pist ya koma zancen mota, wai shi mutum ne mai iyali. Na yi hamdala, na ɗauka magana ta ƙare, moton zai tsufa a garajin Kawu.

Lahadin da ta wuce na je Paris, Kawu ya tara mu cin abincin rana. Ina isa na ga moton a ƙofar garaji, an wanke shi, an canza robar gefen da ta fashe, ga fitilu, ga madubai, ga lamba. A falo akwai baƙo, bari in ce masa Malam Adum, ɗan Cadi ne, mai sanyin magana, tare suke sallar Juma'a da Kawu. Aikinsa kai saƙo a moto cikin Paris, takardu da ƙananan kaya daga buro zuwa buro, safe zuwa yamma, ko rana ko ruwa. Ina jera kwanoni ina jin labarinsa. Ya ce lokacin sanyin bara wata mota ta fito masa, ya matse birki a kan farin fentin nan na masu tsallaka titi, ruwa ya jiƙa shi, bai san lokacin da ya kai ƙasa ba, wata biyu bai yi aiki ba. Tun ranar ya yi wa iyalinsa alkawari, moton da zai saya na gaba sai mai ABS. Shi ya sa da ya ji ɗan Alhaji na sayar da nasa ya yi murna. Ashe an riga an gama ciniki bayan Juma'a, a gaban Kawu, an yi musabaha an shafa fatiha, Asabar zai zo da takardu ya ɗauka.

Kun san yadda abin yake a wurinmu. Idan babba ya tsaya a ciniki, ba a kai kaya wurin makaniki a duba, yin haka kamar ka ce Alhaji zai cuce ka ne. Malam Adum ko zagaya moton bai yi sau biyu ba. Sai Yaya ya nuna ni da cokali ya ce, ga ma wadda ke kula da shi nan, ƙanwata, injiniya ce a Lyon, babu notin da ba ta taɓa ba. Malam Adum ya juyo, bai ko kalli fuskata ba don ladabi, ya ce, masha Allah, Malama Injiniya, to ABS ɗin nan lafiyarsa lau ko? Maza biyar a falo, Kawu na kan kujerarsa, Yaya ya kafa mini ido. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin kwano. Kawu ya yi dariya ya ce, 'yar tawa akwai kunya, ai ka ji amsarka. Malam Adum ya ce, alhamdu lillahi, Allah ya ƙara basira. Addu'a ya yi mini, 'yan'uwa. Na koma kicin na tsaya gaban famfo har matar Kawu ta tambaye ni ko cikina ne.

Da baƙi suka tafi na tare Yaya a garaji, karo na farko da na ɗaga masa murya, ita ma ba ta ɗagu sosai ba. Na tuna masa rantsuwarsa, ya ce ya rantse shi ba zai hau titi da shi ba, kuma ai ba shi zai hau ba. Na ce a mayar da na'urar, ni zan yi aikin a yini ɗaya, ya ce ya ba mai magagari tun Yuni, shi kuma ya sayar ta intanet tare da tsofaffin tiyon. Na ce to a faɗa wa mutumin gaskiya ya zaɓa da kansa, ya ce in an faɗa ciniki ya tashi, kuma shi ya riga ya yi maganar mota. Daga nan ya koma wa'azi, wai a Damagaram ɗan kabu-kabu na ɗaukar mace da buhu da akuya babu wani ABS kuma suna raye, wai mutuwa lokaci gare ta, ko ni na fi Allah iya tsaro ne. Mutumin da ƙarfen likita ke cikin kafaɗarsa har yanzu. Da ya ga ban sauka ba sai ya sassauta murya ya ce, écoute petite, saurara yarinya, wa ya buɗe allo ya rufe fitila? Ni ko sifana ban riƙe ba. Idan magana ta fita sunanki ne a ciki, ki yi tunanin lakkol ɗinku da diflom ɗinki. Ya ƙara da cewa watan Janairu za a sabunta takardar ɗakina, yana fatan zai samu lokacin sa hannu.

Litinin na kira Kawu daga Lyon, bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye har na samu na faɗa. Ya saurara, sannan ya ce, tsaya, moton idan an kama birki yana tsayawa ko ba ya tsayawa? Na ce yana tsayawa Kawu, amma idan da ruwa a ƙasa, bai bari na ƙarasa ba ya ce to yana da birki ke nan. Ya ce shi shekara ashirin ya yi yana tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, bai san waɗannan haruffa uku ba. Ya ce an shafa fatiha a gabansa, idan aka warware da wane ido zai kalli mutane a masallaci, kuma ƙanwa ba ta tona yayanta a gaban baƙo, in bar maza da sha'aninsu in kama karatuna. Ban ga laifinsa sosai ba, bai gane abin ba ne. Yaya kuwa ya gane sarai, da kafaɗarsa ya gane.

To ga inda nake. Ruwa ake yi a Paris tun jiya, kuma haka za a yi ta yi har sanyi ya wuce. Wanda ya san motonsa ba shi da ABS yakan kama birki a hankali, da yatsa biyu. Wanda ya yarda akwai shi, kuma don shi ya saya, ranar da mota ta fito masa damƙewa zai yi da duk hannunsa, domin an ce masa na'ura za ta yi sauran. Ba wataƙila nake cewa ba, na san abin da tayar za ta yi, ni na ɗaura tiyon. Ina da lambar Malam Adum, na kwafe ta daga takardar da ke kan teburin Kawu, sau huɗu ina rubuta saƙo ina gogewa. Idan na tura, Yaya ya zama maƙaryaci a gaban masallaci guda, Kawu ya ji kunya, labari ya kai Damagaram kafin magariba cewa 'yar da aka tura karatu ta tozarta wanda aka ba amanarta, kuma watan Janairu ban san inda zan sa akwatina ba. Na yi tunanin in tura da ɓoyayyar lamba, amma mutum biyu ne kawai suka san cikin allon nan. Na yi tunanin in je ranar Juma'a in cire sikoc ɗin a ɓoye, fitilar ta yi magana a madadina, amma makullin garajin na hannun Yaya yanzu.

Don Allah 'yan'uwa, musamman waɗanda suka fi ni daɗewa a ƙasar nan, me zan yi? In kira mutumin, ko in sake gwada Yaya ta wurin matarsa, ko in kira Baba in faɗa masa komai har da nawa laifin? Kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Ku faɗa mini abin da zan yi kafin Asabar.

Daga admin: mai tambayar ta sake turo wannan yau Alhamis da hantsi, ta ce a haɗa da na jiya.

Na karanta amsoshinku duka, na gode wa waɗanda suka karanta kafin su amsa. Wadda ta ce me ya kai mace riƙon sifana, da wadda ta ce in yi aure hankalina zai kwanta, da wadda ta tambaya ko moton na nan domin ƙanenta na nema, Allah ya ba ku lafiya. Saura sun rabu biyu, wasu in rufa asiri, wasu in tona, babu wadda ta ce ga yadda. Sai da safen nan, ina cikin tiram zuwa aji, admin ta miƙo mini wani saƙo da aka ce a ba ni ni kaɗai. Mai shi ta ce in na ga dama in saka a nan. Ga shi, ban canza komai ba.

“Salamu alaikum ƙanwata. Ni ce matar wanda kika sa wa suna Adum. 'Yar Maraɗi ce ni, ina cikin zauren nan tun kafin ki zo ƙasar nan. Kin canza sunaye, amma jan moto nawa ne a garajin Alhajin Damagaram a La Courneuve, kuma injiniya mace nawa gare mu a Lyon? Duk wadda ta karanta ta gane ku, masu ba ki shawarar ma sun gane, yi suke kamar ba su gane ba. Na karanta wa maigidana bayan sallar asuba, ya ce, yarinyar nan mai ladabi? Ba zai ɗauki moton ba. Ya so ya tafi wurin Alhaji nan take, na roƙe shi ya bari sai la'asar, saboda ke, kuma ba don kin kyauta ba. Safiya uku a sati shi ke kai 'yarmu lakkol a bayansa, har na saya mata sabon kwalkwali don wannan moton. An tambaye ki a gaban mutane kin yi shiru, kwana uku kina da lambarmu a salularki, sai kika zo kina tambayar matan da ba mazansu za su hau ba. Shawarar da kike nema ga ta. Ki kira yayanki yanzu, ki kira kawunki, ki faɗa musu da bakinki cewa daga wurinki magana ta fita, su je su warware cinikin da kansu kafin a zo musu, wannan kaɗai ne rufin asirin da ya rage. Maganar ɗaki ki bar ta, ba a rasa wurin kwana a cikinmu. Sannan ki sa su yi alkawari a gaban maigidana cewa duk wanda ya zo saye za a faɗa masa abin da aka cire. Idan la'asar ta yi ban ji daga gare ki ba, zan rubuta sunayenku na gaskiya a ƙarƙashin rubutunki, naki da nasa, domin mu mun tsira, amma moton yana nan, kuma mijin wata zai saya.”